Mai Ba da Shawara Ɗaya, Yara 700: Ta Ina Ake Kama Aikin a Firamare?

Malama Binta: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Ga wata magana ina so masu sani a zauren nan su warware mana ita. Wasu makarantun firamare a Jos suna ɗaukar mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara, wasu kuma malami ɗaya ake ɗora wa aikin ba da shawara a kan darasinsa. A ɗauka makaranta ce mai yara 700, aji ɗaya zuwa shida, mutum ɗaya tal, zangon karatu mako 13. Ta ina zai kama? Abin da aka saba gani shi ne tun makon farko malamai sun cika masa ƙofa da "marasa ji", kafin wata ya ƙare ɗakinsa ya koma wurin horo.

Malam Danladi: Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara da lissafi, shi zai nuna hanya. In zai ga yara 4 a rana, kowanne minti 30, yara 20 ke nan a mako. Ko 3 cikin 100 na makarantar bai kai ba. Ashe mafi yawan aikin a aji yake, da tsakar makaranta, da hannun malamai da iyaye. Ganin yaro shi kaɗai na 'yan ƙalilan ne.

Saboda haka makonni biyu na farko kada ya karɓi yaro ko ɗaya a ɗaki, sai in abin gaggawa ne. Ya zauna a bayan kowane aji minti 20, bai ce uffan ba. Ya fita lokacin tara ya ga wa ke wasa, wa ke raɓe a jikin bango, wa bai zo da komai na ci ba. Ya karɓi rajistar zangon da ya wuce ya fitar da sunan duk yaron da fashinsa ya yi yawa, ya duba ko fashin yana da rana, misali kullum Litinin, ko ranar da ake darasin wani malami.

Sannan ya yi takarda shafi ɗaya, malami ba zai turo yaro ba sai ya cike ta: me yaron yake yi da ido ya gani, a wane lokaci, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya, tun yaushe aka fara, me malamin ya gwada. "Ba ya ji" ba amsa ba ce. "Yana tashi daga benci sau 6 a darasin lissafi, amma ba ya tashi in ana zane" ita ce amsa, kuma ta riga ta nuna inda za a duba.

Sista Ladi: Malam Danladi, a ƙara abu ɗaya kafin a kai ga halin yaro: jikinsa. Da yawan yaran da ake kira daƙiƙai ba sa ganin allo ne ko ba sa jin malami. Allon gwajin ido mai harafin E ba shi da tsada. A manna shi inda haske yake, yaro ya tsaya mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Wanda ya kasa karanta layin da aka rubuta wa 6/12 a allon a tura shi asibitin ido. Kunne kuma, a tsaya a bayansa nisan hannu, a toshe ɗaya kunnen, a fitar da numfashi tukuna sannan a yi raɗar lambobi ya maimaita. A tambayi uwa ko kunnen ya taɓa yin ruwa.

Bayan haka a duba cikin fatar ido da tafin hannu ko jini ya yi ƙasa, a tambaya ko yana da sikila, ko ya karya kafin ya fito. Sai barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. A lissafa masa ranarsa: makarantar asuba, boko, islamiyya ko lesin, talla har bayan isha'i. Wani awa 6 yake samu. Ga sanyin Disamba da Janairu na garin nan, yaro ya zo ba rigar sanyi, hannu ya ƙage, a ce ya ƙi rubutu.

Dakta Aminu: Sista ta gama magana, sai dai in ɗora guda ɗaya da ake yawan kuskure a kai. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro. Yana cikin magana ko rubutu sai ya tsaya cak, ido a kafe, wani lokaci fatar ido tana ɗan motsi, sakan 5 zuwa 15, sai ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma bai san an yi ba. Tana iya zuwa sau da yawa a yini, ta fi kama 'yan shekara 4 zuwa 10. Bambancinta da tafiyar tunani: mai tunani in ka taɓa kafaɗarsa zai juyo, wannan ba zai juyo ba sai ta sake shi. Wannan aikin asibiti ne, ana gwajin EEG, wato auna aikin ƙwaƙwalwa da na'ura, kuma magani yana yi mata sosai. Zaman shawara ba zai taɓa ta ba.

Malam Yakubu: Ni dai ina ta karantawa, amma bari in yi magana a madadin malamin aji. Mutum yana da yara 70, wani 80, benci na mutum uku an zauna biyar. Ka ce ya cike takarda a kan kowane mai ƙiriniya, ka kuma ce ya ajiye bulala. To da me zai riƙe ajin? In mai ba da shawara ba shi da abin da zai ba malami a madadin bulala, malamai za su gaishe shi da safe kawai, ba za su bi tsarinsa ba.

Malam Danladi: Gaskiya ce, ranka ya daɗe, kuma akwai abin ba shi. Akwai wani wasan ladabi da aka fara gwadawa a Amurka tun 1969, bai buƙatar komai sai allo da alli. A raba aji gida huɗu bisa layin benci. A rubuta dokoki uku ko huɗu, gajeru, na abin da ake so a yi: a zauna a wuri, a ɗaga hannu kafin magana, hannu ya tsaya a kan kayan mai shi. Malami ya ce "an fara wasa", ya ci gaba da darasinsa. Duk wanda ya karya doka a ja wa gidansu layi a allo, ba tsawa, ba kiran suna da faɗa. Bayan minti 10 a tsaya. Duk gidan da layinsa bai wuce 4 ba ya ci, kuma duka gidajen suna iya ci tare. Ladan nan take ake bayarwa: su fara fita tara, ko a yi musu tafi, ko su zaɓi waƙar da za a yi. Sau 3 a mako da farko, sannan a riƙa ƙara minti.

Inda yake lalacewa kuwa sananne ne. Malami ya ji daɗinsa ya ce yau duk yini za a yi, yara su gaji su watsar. Ko a tara duk masu ƙiriniya a gida ɗaya, kullum su faɗi, su daina damuwa. Ko a ce lada sai Juma'a, alhali ɗan aji ɗaya bai san nisan Juma'a ba. Wani yaron kuma da gangan zai riƙa jawo wa gidansu layi don a kalle shi, to shi a mai da shi gida shi kaɗai na kwana biyu ko uku. Kuma a sa ido kada 'yan gidan su tare shi a hanya bayan an tashi.

Malam Yakubu: To wannan malami zai iya. Amma wanda duk da haka bai zauna ba fa? Iyaye yanzu sun ji sunan ADHD, wato matsalar rashin tattara hankali da rashin zama, a waya, kowane yaro mai tsalle an ce shi ne.

Dakta Aminu: Sharuɗɗansa a rubuce suke. Alamu 6 cikin 9 na rashin tattara hankali, ko 6 cikin 9 na rashin zama da gaggawa, su kai wata 6, su fara kafin shekara 12, a gan su a wuri biyu ko fiye, kuma su hana yaro karatu ko zama da mutane. In a aji ɗaya kawai yake haka, a gida da islamiyya ko coci lafiya lau, to a duba ajin. Yaron da bai iya karatu ba yakan gwammace a kira shi shaiɗani da a kira shi daƙiƙi a gaban abokansa, don haka a ba shi littafin aji biyu ya karanta a keɓe kafin a yanke komai. Yaron da ke cikin fargaba ma ba ya zama.

Don tacewa akwai takardar SDQ, wadda malami ko iyaye ke cikewa a kan halin yaro, tambayoyi 25, kashi biyar: damuwa, ɗabi'a, rashin zama, zama da tsara, da kyautatawa. Kashi huɗu na farko ake haɗawa, maki daga 0 zuwa 40. A tsohon ma'auni, ta malami 16 zuwa sama ita ce mai nauyi, ta iyaye 17. Ɗan firamare ba ya cike ta da kansa sai ya kai 11. Abu biyu a kiyaye. Da yaran Birtaniya aka tsayar da waɗannan lambobi, don haka manuniya ce kawai, ba hukunci ba. Kuma in uwa ba ta karatu, a karanta mata a zaune ba tare da an sauya kalma ko an nuna mata amsar da ake so ba. Sunan ciwo kuwa ba a makaranta ake raɗa shi ba, balle magani.

Anti Rifkatu: Bari in shigo da maganar ɗakin da za a riƙa ganin yara, tunda 'yan ƙalilan ɗin nan dole a gan su. Kada ya zama ofishin hedimasta ko kusa da inda ake horo. Taga a buɗe ko ƙofa a ɗan sassauta yadda mai wucewa zai hango amma ba zai ji ba. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce ga ma'aikacin. Tabarma, takarda, fensir mai launi, yumɓu, 'yan tsana na gida guda har da kaka, mota, 'yan dabbobi. Ɗan shekara 6 ko 7 ba zai zauna ya ba ka labarin zuciyarsa ba, a wasa yake faɗa. Minti 20 zuwa 30 ya isa, sau ɗaya a mako, mako 6 zuwa 8 sannan a zauna a duba ko an motsa. Kada a riƙa ɗauke shi daga darasi ɗaya kullum, kuma kada a aiki monita ya tsaya a bakin aji yana kiran sunansa. Malaminsa ya tura shi kamar aike.

Ranar farko a faɗa masa da bakin da zai gane: "Abin da ka faɗa mini a nan ba zan kai wa 'yan ajinku ko malamai ba. Amma in na ji wani yana cutar da kai, ko kai za ka cutar da kanka ko wani, dole in nemo babban da zai taimaka, kuma zan faɗa maka kafin in je." Wanda ya ce wa yaro "ba mai ji har abada" ya ɗaure kansa, ranar da ya karya alkawarin yaron ba zai sake buɗe baki ga kowa ba.

Abin da ya fi damuna a aikin nan shi ne fassara zane. Yaro ya yi zane da baƙin fensir a ce baƙin ciki ne, alhali shi kaɗai ne mai tsini a gwangwanin. A ce masa "ba ni labarin wannan", a yi shiru, shi ya faɗa.

Hajiya Uwani: Anti, kafin duk wannan ai sai iyaye sun yarda, kuma a nan ake faɗuwa. Kana aika takarda gida mai kalmar "ƙwaƙwalwa", abin da uba zai ji shi ne an ce ɗansa ya taɓu. Gobe ya cire shi daga makarantar. A kira su da baki, a fara da abin kirkin da yaron yake yi, a ce ana so a taimaka masa a kan karatu da natsuwa. A nemi uban ya zo da kansa, ko wanda maganarsa ke ci a gidan, don uwa tana iya cewa to a ofis ta koma gida a rushe. A tambaya a hankali wa ke riƙon yaron. Ɗan riƙo, agola, wanda aka saki uwarsa ta tafi, wanda ya rasa mahaifi, yawancin amsar tana nan.

Dakta Aminu: Hajiya, na yarda a tausasa harshe, amma ban yarda a ɓoye ba. In an ce "karatu" kawai, ranar da za a ce su je sashen masu kula da ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, za su ce an yaudare su. A faɗa musu me za a yi, sau nawa, wa zai ga takardun, kuma suna da ikon cewa a daina. Su sa hannu. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu tsauri, na yaro kuma sai da izinin iyaye ko mai riƙo. Fayil ɗin a kabad mai makulli, ba a haɗa shi da fayil ɗin sakamako, ba a tura shi a zauren WhatsApp na malamai.

Hajiya Uwani: Ba ɓoyewa nake nufi ba, Dakta, jeri nake nufi. Wace kalma ce za ta fara shiga kunne. To in sun ce aljanu ne ko sammu, za su kai shi rukiyya ko wurin fasto fa? Ka ce musu ba haka ba ne, ka rasa su.

Dakta Aminu: Nan ba mu saɓa ba. Ba a musu da iyaye a kan imaninsu. A ce su ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti. Amma akwai iyaka, kuma a faɗe ta ƙarara: ba duka da sunan fitar da aljani, ba ɗaurewa, ba hana abinci, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki musamman ga mai asma, ba dakatar da maganin farfaɗiya. Tsayar da shi farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta yankewa, wadda take kisa.

Malama Binta: Allah ya saka. Sai abin da ya shafe mu a Jos musamman. In an yi rikici, an ɗage dokar hana fita yara sun dawo, me ake yi ranar farko?

Anti Rifkatu: Garin da ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008 da 2010, iyayen yaran yanzu su ne yaran wancan lokacin, tsoron yana gida tun kafin a haife su. Ga iyalan da suka taso daga Mangu da Bokkos suka sa 'ya'yansu a makarantun cikin gari. Ga rushewar ginin makaranta a Busa Buji a Yulin 2024, wadda ta sa yara da yawa kallon silin.

Babban kuskure shi ne a tara aji a ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya gani. Niyya mai kyau ce, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi irin wannan zama na tono abin da ya faru. Wanda bai gani ba ya ji, wanda ya gani ya sake gani. Abin da ake yi shi ne a duba, a saurara, a haɗa yaro da mai taimako. A mayar da komai kan tsarinsa: ƙararrawa a lokacinta, tara a lokacinta, malamin da suka sani. A yi kiran suna, wanda bai dawo ba a bi sawu. Wanda ya zo da magana da kansa a saurare shi, wanda bai so a ƙyale shi. A koya wa aji duka numfashin ciki, hannu a kan cibiya, a ja a hankali a saki kamar ana hura kunu mai zafi, sau 5. A sanar da yara kafin a buga wani abu mai ƙara. A ajin da Musulmi da Kirista ke benci ɗaya, malami ya tsayar da maganar "su ne suka yi" nan take, ba tare da kunyata yaron da ya kwaso ta daga gida ba.

Firgita, mugun mafarki, manne wa uwa, komawa fitsarin kwance, duk ana ganinsu a makonnin farko kuma yawanci suna lafawa. Wanda ya wuce wata ɗaya bai sauƙaƙa ba shi ake tacewa. Ga 'yan shekara 8 zuwa sama akwai takardar auna firgici mai suna CRIES-8, tambayoyi 8, maki 17 zuwa sama yana nufin a duba shi da kyau. Waɗannan su ake yi wa ƙaramin rukuni na 5 ko 6, a haɗa masu kusan shekaru ɗaya, kuma sai wanda aka horar a kan aikin firgici.

Sista Ladi: In yaro ya buɗe baki ya ce wani yana taɓa shi, a nan ne ake ɓata magana cikin minti biyar. Kada fuska ta nuna razana. A ce "na ji ka, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa". Tambaya ɗaya ko biyu a buɗe, "sai me ya faru?", ba "wane ne ya yi maka, ko?" ba. Ba a tuɓe yaro a makaranta a duba. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Kada a kira shi ya maimaita a gaban hedimasta, sannan mataimaki, sannan malamin aji. In abin bai daɗe ba asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar HIV sai cikin awa 72 yake aiki. Kada a fara kiran wanda ake zargi, kuma in a gida yake kada a sallami yaro ya koma hannunsa kafin a san inda zai kwana.

Malam Yakubu: A nan ne za a ce a rufa asiri, sunan makaranta zai ɓaci, ko dangi su ce za su sasanta a gida.

Malam Danladi: Shi ya sa ba ranar ake tsara hanya ba. Tun makon farko mai ba da shawara ya zauna da hedimasta da kwamitin makaranta su rubuta: wa ake faɗa wa, cikin awa nawa, wa zai kira jami'in walwala na Ma'aikatar Harkokin Mata, wa zai je wurin 'yan sanda, kuma in wanda ake zargin ma'aikacin makarantar ne, ko hedimastan kansa, wa ake tsallakawa a samu. Kowa ya sa hannu. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 tana nan, Filato ta yi tata a 2005, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne a ƙarƙashinsu. Haka in yaro ya ce gara ya mutu. Ba a cewa "yaro ne, bai san me yake faɗa ba". A tambaye shi kai tsaye ko ya yi tunanin yadda zai yi, tambayar ba ta dasa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira iyaye a ranar, a ce su kulle fiya-fiya da magunguna, a haɗa su da likita.

Dakta Aminu: Takardar turawa asibiti ma tana da yadda ake rubuta ta. "A duba yaron nan" ba ta da amfani. A sa shekarunsa, abin da aka gani da tun yaushe, sakamakon ido da kunne, makin SDQ na malami da na iyaye, abin da aka gwada da tsawon lokacin. In ana zargin farfaɗiyar nan mai ɗauke ido, a nemi izinin iyaye a ɗauki bidiyon sakan 30 a waya, ya fi dogon bayani. Lamingo, inda JUTH yake, tana da nisa ga mai fitowa daga Anguwan Rogo da kuɗin mota biyu, don haka bayan mako biyu a kira a ji ko sun je. Da yawa ba sa zuwa, kuma ba ƙi suka yi ba.

Kowa kuma ya san iyakarsa. An kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara da dokar 2022, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Malamin da aka ɗora wa aikin ba tare da horo ba zai iya lura, ya tace, ya gudanar da wasan aji, ya tura. Jinyar firgici ba tasa ba ce. Wanda ma aka horar yana buƙatar na gaba da shi da zai zauna da shi ko sau ɗaya a wata su bi fayilolin masu wuya.

Malama Binta: Saura ɗaya. Zango ya zo ƙarshe, yaro yana tsakiyar zamansa, ga hutu.

Anti Rifkatu: A fara faɗa masa tun saura zama 3. A zana da'ira uku a takarda, kowane zuwa ya shafe ɗaya da launi, don ya ga ƙarshen da idonsa. Yaron da aka taɓa tafiya aka bari ba sallama yakan koma halinsa na da a makon ƙarshe, a gargaɗi malaminsa tun da wuri kada ya ɗauka aikin ya rushe. A sake cike SDQ da malamin da ya cike ta farko, ba wani ba. A ba iyaye abu biyu kacal da za su riƙe a hutu, misali lokacin kwanciya da minti 10 na hira da shi kullum ba faɗa. In zai canza aji, sabon malamin a ba shi abin da ke aiki kawai: ya zauna a gaba, a raba masa aiki gida biyu, a sanar da shi kafin a sauya darasi. Labarin gidansu ya tsaya a kabad. Sannan a rubuta masa ranar da zai dawo ɗakin a mako na biyu na sabon zango, a ba uwar ta ajiye.